Teburin Bayan Labule: Nazarin Gidan Wata Marubuciya Mai Sana'ar Hannu a Kano

Ranar da na fara shiga ɗakinta, a ƙarshen shekarar 2022, ban ga wata alama ta marubuciya ba. Kwando na gani a gefen kujera, cike da zaren ulu ja da fari da ruwan toka, an soke kwarashi a jikin wata hular jariri da ba a ƙarasa ba. Ita kuma tana zaune a kan leda ta jingina da bango, autanta yana barci a cinyarta, manyan yatsunta biyu suna ta gudu a kan waya. A wannan zaman take rubuta shafin da matan zaurenta na WhatsApp suke jira kafin sallar isha'i. Ba ta yi layi biyar ba sai ga sallama daga tsakar gida. Maƙwabciya ce, ta ɗaga labule ta leƙo ta ce, "Au, ashe ma ba kya komai. Taso ki taya ni duba atamfar nan da aka kawo ta anko."

Ta ajiye wayar ta tashi. Shafin ranar bai fita ba sai ƙarfe ɗaya saura na dare.

Wannan "ba kya komai" ita ce ta sa na bibiyi gidan nan kusan shekara biyu, da saninta kuma da yardarta. Ba zan ambaci sunanta ba. Masu karanta littattafanta Malama suke ce mata, ni ma haka zan riƙa kiranta.

Shekarunta talatin da 'yan kai, 'ya'yanta uku: babbar mace, sai namiji, sai auta da a lokacin bai cika shekara biyu ba. Suna haya ne, ciki da falo, a wata unguwa da ke kan titin Katsina, tsakar gida ɗaya da wasu magidanta biyu. Maigidan yana tsaron shagon yadi a Kantin Kwari, ya fita bayan karin kumallo, ba ya shigowa sai an idar da magariba. Mahaifiyarsa, Hajiya, tana cikin gari, takan zo ta yi musu kwana biyar ko mako guda.

Sana'ar hannu gadonta Malama ta yi. Kakarta faifai take saƙawa, mahaifiyarta kuma da ɗinkin hula ta yi musu kayan ɗaki su huɗu. Ita kwarashi ta fi ƙwarewa a kai: hula da safa da rigar sanyi ta jarirai, sai zanen gado da rigunan matasai masu ɗinkin hannu da take yi wa amare. Rubutu kuwa daga littattafan haya ya samo asali, irin waɗanda 'yan mata suke karɓowa a shagon unguwa su karanta a ɓoye cikin hijabi. Tun daga shekarun 1980 da Adabin Kasuwar Kano ya kankama, mata ne suka fi riƙe shi, a rubutu da karatu. Abin da ya sauya kawai shi ne takarda ta yi tsada, kasuwar ta koma cikin waya. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutane sai ta ce daga nan na kuɗi ne. Mai so ta tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko ta aiko da katin waya, a saka ta a zaure, kullum ta sami shafi ɗaya ko biyu. Wadda ta karɓi kuɗin mutane ba ta da damar cewa yau ba ta jin rubutu. Bashi ne a kanta, kuma kullum ake biyansa.

Aikin da ake gani da wanda ba a gani

Da farko na ɗauka matsalar Malama yawan aiki ce: girki, wanki, raino, saƙa, rubutu, mutum ɗaya. Sai da na yi zama uku ko huɗu a gidan na gane ba nan gizo yake saƙar ba.

Idan ta ɗauki kwarashi, kowa a gidan ya san aiki take yi. Yaro ya zo zai yi ƙiriniya, maƙwabciya da kanta za ta ce, "Kai, ba ka ga Ummanku tana aikin mutane ba?" Maigida ya dawo ya tarar tana ɗinka zanen gado, zai ce sannu da aiki, har ya ɗauki buta da kansa. Wannan ba abin mamaki ba ne. Matar aure mai sana'a a cikin gida tsohon abu ne a ƙasar Hausa: mai ƙuli-ƙuli, mai taliyar murji, mai kitso, mai fura, mai ɗinkin hula. Kowa ya san kuɗin nata ne, da su take zubin adashi, da su take gudummawar biki, da su take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Sana'ar hannu tana da mazauni a gida da kuma a zukatan mutane.

Rubutu a waya ba shi da wannan gatan. Mai rubuta babi na talatin da mai hira da ƙawarta duk kamarsu ɗaya a idon mai kallo: kai a sunkuye, yatsu suna motsi. Ga kuma zargi da ba a faɗa a fili. Waya a hannun matar aure ƙarfe biyun dare abu ne da yake sosa ran maza da yawa, ko da sun yarda da matansu. Su kansu littattafan ba su gama wanke kansu a wurin jama'a ba, don ba a manta ba a 2007 an taɓa tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Maigidan Malama bai taɓa hana ta ba, amma bai taɓa kiran abin da sunansa ba. "Wannan abin naki" yake cewa.

Akwai kuma wani abu da na daɗe ina lura da shi a ɗakunanmu, a gidan nan ne ya fito mini sarai. Jeren da aka yi wa Malama ranar aurenta jere ne na fita kunya: gado, sif, madubi, kujeru, kabad cike da tangaran da ko sau ɗaya ba a ci abinci a cikinsu ba. Da can samira da fanteka da kumbo ake jerawa har su kusa taɓa rufi, yanzu salo ya sauya amma manufar tana nan, wato 'yan ganin ɗaki su shigo su yaba. A duk kayan nan babu ko ɗaya da aka saya don ita ta zauna ta yi wani aiki nata. Babu tebur. Iyaye za su ci bashi su sayi kwanukan da za su shekara goma ana goge musu ƙura, amma ba ya faɗo wa kowa a rai cewa yarinyar nan da ta gama sakandare tana iya buƙatar inda za ta ɗora takarda. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Shekarar da saƙa ta kusa cinye rubutu

A farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda sauyin fasalin naira. Masu sayen kayan jarirai da tsabar kuɗi suke zuwa, sai suka ɗauke ƙafa. Kwari ma ciniki ya ja baya. Abin da ya riƙe tukunyar gidan makonni da dama kuɗin littafi ne, don su dama ta banki suke shigowa. A lokacin ne maigidan ya fara ganin saƙon shigar kuɗi da idonsa, Malama ta tura wa mai shagon unguwa, aka auno shinkafa da mai. Ya yi godiya sosai, ya sa albarka. Amma da kuɗi suka dawo hannun mutane, komai ya koma yadda yake.

Bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na shekarar, farashin komai ya tashi, har da zaren da take sarowa a Kofar Wambai da datar da take saya. Sai ta shiga karɓar duk aikin da aka kawo. Amarya uku a wata ɗaya, ga kayan sanyi da ake fara nema tun kafin hunturu ya kankama. Rana gaba ɗaya ta zama ta saƙa da ɗinki, rubutu ya koma daga sha ɗayan dare zuwa biyu. Ido ya fara yi mata yaji, wuyan hannunta na dama ya riƙa zugi. Shafuka suka gajarce, wani lokacin a kwana biyu shiru. A zaure aka fara, "Malama lafiya?" daga baya aka koma, "Mu fa kuɗinmu muka biya." Wata daga cikin matan ta kwashe abin da aka riga aka rubuta ta watsa a wasu zauruka kyauta. Gajeren labarin da ta yi niyyar aikawa gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC yake shirya wa mata tun 2016, yana rabi aka rufe karɓa.

Ina nan ranar da abin ya kai maƙura. Ta shimfiɗa wani farin zanen gado a falo, ta kwana goma sha biyu tana yi masa fulawoyi da shuɗin zare, jibi za a zo karɓa. Ta juya ta amsa wani saƙo a waya, auta ya taho da kofin shayin yayansa ya tuntsurar a tsakiyarsa. Tsawar da ta daka masa sai da maƙwabta suka fito. Yaron ya ƙanƙame ni yana kakkarwa, babbar ta ja ƙaninta suka shige uwar ɗaki. Malama ta durƙusa tana goge shayin da gefen zaninta, tana gogewa yana ƙara bazuwa, sai kawai ta zauna daɓas ta fashe da kuka. Abin da ta ce mini shi ne, "Anti, ni ban zama uwa ba, ban zama marubuciya ba, ban zama mai sana'a ba. Kowanne rabi nake yi."

Zuwan Hajiya

Ban yi zaton ta wajen suruka gyara zai zo ba, amma ta nan ya zo. Hajiya ta zo kwana biyar, aka yi mata shimfiɗa a falo. Dare na biyu ta farka ta ga haske a ƙofar uwar ɗaki, ta tarar da surukarta a tsugune a bakin ƙofa, don kada hasken ya tashi maigida.

"Ke 'yar nan, da wa kike magana da tsohon daren nan?"

"Ba kowa, Hajiya. Rubutu nake yi."

"Rubutun me? Karanto in ji."

Malama ta ce mini ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ƙaramar murya ta karanta mata shafin, labarin wata bazawara ce da 'yan'uwan mijinta suka hana ta gadon 'ya'yanta. Hajiya ba ta yi boko ba, amma ta saba jin ana karanta littattafan Hausa a rediyo, ba ta dai taɓa kawowa a ranta cewa irin masu rubuta su akwai ɗaya a ɗakin ɗanta ba. Da aka kai ƙarshe ta ce, "To sai aka yi yaya?" Malama ta ce ai ba ta rubuta ba tukuna. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ai aiki ne. Mai aiki kuwa ba ya tsuguno a bakin ƙofa kamar ɓarawo. Ko mai saƙar faifai tana da inuwar da aka san ta da ita."

Da safe ta tare ɗanta kafin ya fita. Ba a gaban matarsa ta yi maganar ba, don haka ba mu san me ta ce ba. Abin da aka gani shi ne da daddare ya shigo da ƙunshin ƙyallaye, ragowar kan yadi da ake tarawa a shago.

Tsakanin sif da taga a uwar ɗaki akwai wani ɗan lungu da bai fi taku biyu ba, inda ake jibge akwatuna da tsofaffin kwanuka. Nan aka kwashe. Aka jawo teburin wani tsohon keken ɗinki da kansa ya lalace, kafinta ya ɗora masa katako a sama. Ƙyallayen nan Malama da babbar 'yarta suka yanka murabba'i-murabba'i kamar tafin hannu, shadda da atamfa da yadin maza, suka yi kwana tara suna haɗawa har ya zama labule. Ba a tsara launin ba, duk wanda hannu ya kai shi ake ɗinkawa, amma da aka rataya shi sai ya fi duk labulen da ke gidan kyau. A bango ta kafa faya-fayai uku na kakarta da suka daɗe a ƙasan akwati, masu ja da baƙi da kore, gefen ɗaya har ya fara warwarewa. Ta shimfiɗa 'yar tabarmar kaba da ta sayo a Kurmi, ta ajiye ƙaramar ƙwarya ta zuba biro, ta rataya fitila mai caji a ƙusa. Daga baya da kuɗin littafi suka shigo ta aika Farm Centre aka sayo mata ɗan kibod da ake haɗawa da waya.

Kibod ɗin nan ya yi aikin da ban zata ba. Yana ƙara. Wanda yake falo yana jin ƙas-ƙas-ƙas daga bayan labule, kuma kunnen mutane ya san wannan ƙarar ta ofis ce. Rubutun da shekara da shekaru ba a gani, yanzu ga wurinsa, ga sautinsa.

Doka ɗaya aka kafa, kuma Hajiya ce ta faɗe ta da bakinta a tsakar gida kowa yana ji: in labule a sake yake, Umma tana aiki, ba a kiranta sai in wuta ko ciwo. Lokacin kuwa daga fitar yara makaranta zuwa sha ɗaya ne, kafin a ɗora girkin rana. Saƙa ta koma bayan la'asar, a tsakar gida, lokacin da yara suke Islamiyya.

Wannan rabon ya dace da halin ayyukan biyu. Kwarashi yana son jama'a; hannu yana tafiya, baki yana hira, ido yana kan yaro. Rubutu kuwa ko tari aka yi kusa da shi sai ya tsinke. Da can ta juya su ne, tana saƙa a lokacin da gida yake shiru, tana rubutu a lokacin da jiki ya mutu. Ta kuma gaya mini cewa yawancin maganganun da take sa wa mutanen littafinta a wannan zaman na la'asar take tsintarsu, kuma in labari ya cije mata, tana cikin ƙirga saƙa hanyar take buɗewa.

Ta kuma rage karɓar aiki. Amarya biyu a wata, ba ƙari, kuma sai an ba da kafin alƙalami rabin kuɗi. A goman ƙarshe na azumi ba ta karɓar komai. Babbar ta koyi yin tuntun da ake sa wa hular jarirai, kowane ɗaya da ladanta, tana jefawa a asusu.

Abin da bai gyaru ba

Ba kowa ne ya ji daɗin labulen ba. Maƙwabciyar nan ta anko ta yi fushi, ta ce girman kai ne ya zo, wai mutum yana cikin ɗaki a yi sallama ya ƙi fitowa. Ta yi wata biyu ba ta aiko da ɗan abincin da aka saba musaya ba. Sai da Malama ta saƙa wa jaririyar ƙanwarta riga da hula kyauta sannan aka koma gaisawa da fara'a, kuma har yau akwai ɗan abin da ya rage. Dangi ma sun yi ƙorafi, don sunan da ake zuwa tun hantsi yanzu sai azahar take isa. Zumunci a wurinmu da ƙafa ake yinsa, wadda ta tsare safiyarta dole wani ya ga kamar shi aka rage wa.

Auta bai san doka ba. Yakan kutsa ta ƙarƙashin labule ya haye cinya, wata rana a yi rubutun da shi, wata rana a haƙura. Lungun kuma a watannin Maris da Afrilu ba ya zaunuwa saboda zafi, labulen yana tare iska, sai ta koma rubutu bayan sallar asuba a ƙofar ɗaki. Kuɗin saƙa sun ragu, wannan babu musu. Na littafi sun ɗan daidaita saboda shafi yana fita a kan lokaci, amma satar littafi tana nan, babu labulen da zai hana ta. Wuyan hannun ma bai daina ciwo gaba ɗaya ba.

A ƙarshen Oktoban 2024, da yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki babu wutar lantarki, cajin waya ya zama sai an kai shago an biya an bi layi. Malama ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta zauna a teburinta da biro. In waya ta samu caji, babbar ta karanto mata ita kuma ta buga. Hajiya tana gidan a lokacin. Ta ɗaga labulen kaɗan ta ga takardu cike da rubutu, ta saki, ta koma falo ta ce wa jikokinta su rage murya. Maigidan da ya dawo ya ɗauki littafin ya juya shafuka, ya karanta ɗaya a tsaye, ya tambaya ko bazawarar nan ta samu haƙƙinta. Ranar ce ta farko da ya tambayi wani abu da ke cikin labarin. Har yanzu dai wani lokacin "abin naki" yake cewa.

Zuwana na ƙarshe na tarar da sabuwar magana. Babbar ta shiga ƙaramar sakandare, ta ce ita ma a teburin za ta riƙa aikin gida, an ba ta daga magariba zuwa isha'i. Mai gidan hayar kuma ya ƙara kuɗi, suna neman wani wurin. Malama ta ce da kunnenta ta ji maigidan yana gaya wa dillali a waya cewa a duba musu mai ɗan lungu kusa da taga. An samu guda ɗaya a can gaba da unguwarsu, sai dai kuɗinsa ya ɗara abin da suka tanada, kuma ya yi wa yara nisa da makaranta. Lokacin da na fito ba su yanke shawara ba, tana zaune a tsakar gida da kwarashi a hannu, tana lissafin ko adashin da za ta ɗauka a watan gobe zai cike gibin.